Naira 5 a Kan Kwalba: Harajin Lemo, Tsadar Kasuwa da Gidan Malami

Ya ku 'yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai wani haraji da gidajenmu suke biya tun shekarar 2022, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san da zamansa. A ranar 31 ga Disamba, 2021, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan Dokar Kuɗi ta 2021, wadda ta ɗora Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da sauran abubuwan sha masu zaƙi da masana'antu suke yi. Hukumar Kwastam ta fara karɓarsa a watan Yunin 2022. Dalilai biyu aka bayar: a rage shan suga saboda cututtukan da yake jawowa, a kuma ƙara wa gwamnati kuɗin shiga. Tun daga nan ake ta ja-in-ja a Abuja da Legas. Ƙungiyoyin kare lafiyar jama'a suna cewa harajin ya yi kaɗan, a ƙara shi. Ƙungiyar masu masana'antu kuwa tana cewa zai durƙusar da kamfanoni, ya raba mutane da ayyukansu. Mu da muke tsaye a gaban allo, muke ganin abin da yara suke saya da kuɗin tara, muke kuma jan albashi daga wata zuwa wata, ya kamata a ji ta bakinmu a wannan muhawara.

Ra'ayina shi ne, harajin kamar yadda aka tsara shi bai taɓuka komai ba wajen rage shan suga a gidajenmu. Tsadar kasuwa ce ta raba mutane da lemon kwalba, kuma ko ita ɗin ba ta raba su da suga ba. Saboda haka ya dace ƙungiyarmu ta goyi bayan a gyara harajin, bisa sharaɗin a ga kuɗinsa a makarantunmu da asibitocinmu.

Bari mu fara da lissafi, tunda sana'armu ce. Naira 10 a kan lita ɗaya tana nufin Naira 5 a kan robar lemo mai rabin lita. Mu ƙaddara ana sayar da robar Naira 400. Harajin bai kai kashi 2 cikin 100 na farashinta ba ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2016 ta ba da shawarar cewa irin wannan haraji sai ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga tasirinsa sosai a kan abin da mutane suke saya. Akwai kuma wata matsala a cikin tsarin kansa. An yanke harajin ne a kan adadi tsayayye, Naira 10, ba a kan kason farashi ba. Duk lokacin da lemo ya ƙara kuɗi, sai nauyin harajin ya ragu. Naira 10 ɗin 2022 ba ita ce Naira 10 ɗin yau ba. Duk wanda ya aiki yaro kanti ya san haka.

Mu ɗauki gidan da ake sayen roba 2 a kowace rana a wannan farashi. A wata ɗaya an kashe Naira 24,000, wato sama da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. A cikin wannan Naira 24,000, rabon harajin suga Naira 300 ne kacal. Babu magidancin da zai fasa sayen lemo saboda Naira 300 a wata. Abin da yake sa shi tsayawa ya yi tunani shi ne sauran Naira 23,700.

Daga ina tsadar ta fito? A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati take sayarwa kusan Naira 460 ta haura Naira 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Lemo bai tsira daga ko ɗaya ba. Mafi yawan sugan da ake sha a Nijeriya ɗanyensa ake shigowa da shi daga waje, musamman daga Barazil, a tace shi a nan, don haka farashinsa yana bin dala. Robar da ake zuba lemon da kuɗin dakonsa zuwa Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu duk suna bin mai. Mai kanti kuma sai ya sanyaya shi da janareta ko ƙanƙara idan babu wuta. Abin da doka ta kasa yi da Naira 10, kasuwa ta yi shi da ɗaruruwa, ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Wannan tsada ta zama mana kamar gwaji a ɗakin kimiyya, ta nuna yadda gida yake yi idan abin sha mai zaƙi ya yi kuɗi. Wanda ya lura zai ga cewa buƙatar lemo a gidajenmu iri uku ce, kuma kowace da yadda take amsa farashi.

Ta farko ita ce ta sha'awa da sabo: lemon da ake korawa da shi bayan an ci shinkafa, ko wanda uba yake riƙo wa yara idan zai dawo gida. Wannan ita ce ta fi saurin faɗuwa. Da zarar kuɗin masara da gero da magani sun cinye albashi, ita ake fara yankewa, domin babu wanda zai kwana da yunwa saboda rashinta.

Ta biyu ita ce ta zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Dutse yakan haura maki 40, kuma a shekarun nan azumi yana faɗowa a cikin bazara ko dab da ita. Mutumin da ya tsaya a gaban mai kanti da azahar, sanyi yake nema kafin zaƙi. Idan ya sami ruwan leda mai sanyi a kusa, sau da yawa ya wadatar da shi. Idan firjin da ke aiki a unguwar lemo ne kawai a cikinsa, lemon zai saya. Wannan buƙata tana bin wuta da ƙanƙara da samuwar ruwa mai sanyi kamar yadda take bin farashi.

Ta uku ita ce ta fita kunya: suna, ɗaurin aure, walimar sauka, tarbar surukai da baƙon da ya zo daga nesa. Wannan ba ta cika jin farashi ba. Magidanci zai ci bashi ya sayi katan-katan na lemo don kada a ce ya yi rowa ranar sunan ɗansa. Abin da tsada take yi a nan shi ne ta sa a sauka daga mai tsada zuwa mai araha, ko daga babbar roba zuwa ƙarama. Kamfanoni sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke ta fito da girma daban-daban, kowane aljihu da nasa.

To, ina waɗanda suka bar lemon kwalba suka koma? Wasu sun koma ruwa, kuma wannan alheri ne. Amma da yawa sun koma garin lemo na ƙaramar leda da ake kaɗawa a jug a raba wa yara, da zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da lemon tsamiya da ake ɗurawa a tsofaffin robobi, da shayin da ake antaya wa suga har cokali ya kusa tsayawa. Sugan da ake aunowa daga kasuwar Shuwarin ko kantin unguwa a zuba a bokitin zoɓo, harajin lemo bai san da shi ba. Jiki kuwa ba ya tambayar ko daga masana'anta suga ya fito ko daga madafin gida. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Ko mazarƙwaila da zuma da dabinon da ake markaɗawa a kunun aya, duk da sun fi kusa da mu, zaƙinsu suga ne idan ya shiga jini, kuma mai ciwon suga sai ya yi hattara da su.

Ya kamata mu san adadin da ake magana a kai. Lemon kwalba irin wanda aka saba yakan ƙunshi kimanin giram 10 na suga a kowane mililita 100. Roba mai rabin lita tana ɗauke da kusan giram 50 ke nan, wato kimanin cokalin shayi 12. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu a yini. Ga baligi, wannan ya kama kusan giram 50, kuma hukumar ta ce an fi samun amfani idan an rage zuwa rabin haka. Roba ɗaya ta cinye kason yini na babban mutum, balle ɗan aji uku. Yawan shan irin wannan yana da alaƙa da ruɓewar haƙori da ƙiba da ciwon suga. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya kusan miliyan 3.6 ne suke ɗauke da cutar a Nijeriya. Duk malamin da yake jinyar mahaifi ko mata mai wannan ciwo ya san ba ciwon mako ɗaya ba ne. Gwaji ne da ƙwayoyi ko allura har ƙarshen rayuwa, kuma daga albashi ɗaya ake cirewa.

Wani zai ce, a Jigawa yunwa ce matsalarmu, maganar ƙiba ta mutanen Legas da Abuja ce. Akwai gaskiya a ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa sama da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Sai dai wannan hujja tana ƙarfafa maganata ne. A gidan da kuɗi ya yi ƙaranci, duk Nairar da ta tafi ga ruwan zaƙi an ɗauke ta ne daga ƙwai ko nono ko ƙosai ko gyaɗa. Yaron da ya sha zaƙi da kuɗin tararsa yakan ji cikinsa ya cika na ɗan lokaci, alhali bai sami abin da zai gina ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa ba. Mu ne muke ganinsa bayan tara yana gyangyaɗi a kan benci.

Ƙasashen da suka riga mu gwada wannan haraji suna da darasi a gare mu. Meziko ta sa peso 1 a kan kowace lita a watan Janairun 2014, abin da ya ɗaga farashi da kimanin kashi 10 cikin 100. A shekarar farko sayen lemon da aka yi wa haraji ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100, a gidajen talakawa kuma da kusan kashi 9, sayen ruwan gora kuwa ya ƙaru. Abin lura a nan shi ne, Meziko tana cikin manyan masu sayen zoɓon Nijeriya, Jigawa kuma tana sahun gaba wajen noma shi. Abin da muke gani kayan talaka, wasu da dala suke nemansa.

Birtaniya ta bi wata hanya. Ta sanar da harajinta a 2016, ta fara karɓa a Afrilun 2018, kuma ta ɗora shi ne a kan yawan sugan da ke cikin lemo. Wanda bai kai giram 5 a mililita 100 ba, babu haraji a kansa. Daga giram 5 akwai mataki ɗaya, daga giram 8 kuma akwai mataki mafi tsada. Kamfanoni da yawa suka rage suga tun kafin ranar fara karɓa don su kauce wa biya, har sugan da ke cikin irin waɗannan abubuwan sha ya ragu da sama da kashi 40 cikin 100 tsakanin 2015 da 2019. Gwamnatin ƙasar ta kuma yi alkawarin sa kuɗin a wasannin makarantu da karin kumallon ɗalibai. Afirka ta Kudu ma a Afrilun 2018 ta fara nata, inda ake biya a kan kowane giram da ya haura giram 4 a mililita 100. Namu kuwa kuɗin goro ne: da mai suga kaɗan da mai suga da yawa duk Naira 10. Kamfani ba shi da wata riba idan ya rage zaƙi, don haka ba shi da dalilin ragewa.

Na san abin da ke zukatan da yawa daga cikinmu idan aka ambaci ƙarin haraji, kuma ban ga laifinsu ba. Ma'aikaci tun daga tushe ake cire masa harajin albashi. Harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a 2020. An cire tallafin mai da alkawarin talaka zai gani a ƙasa, kowa kuma ya san yadda cefane ya koma. Haraji a kan abin sha ya fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, domin Naira 50 a wurin malamin firamare ba daidai take da Naira 50 a wurin ɗan majalisa ba. Kuɗin harajin lemo kuma dokar ba ta keɓe shi ga lafiya ko ilimi ba. Yana faɗawa ne cikin asusun tarayya, a raba shi tare da sauran kuɗaɗe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amsata ita ce, wannan haraji ya bambanta da na fetur ko na magani ta fuska ɗaya: ana iya guje masa ba tare da an cutu ba. Malami ba zai fasa hawa babur zuwa makarantarsa a Miga ko Buji ba, amma zai iya fasa lemo, kuma lafiyarsa ce za ta ƙaru. Idan kuma an ɗora harajin a kan yawan suga, kamfani ne zai fara jin nauyinsa, ya rage zaƙi don ya riƙe masu sayensa. Duk da haka, goyon bayanmu bai kamata ya zama na kyauta ba. Sharuɗɗa uku nake ganin ya dace mu gindaya. Na ɗaya, a auna harajin da yawan suga, a kuma riƙa sabunta shi don kada hauhawar farashi ta cinye shi. Na biyu, doka ta fito fili ta keɓe kuɗin ga ruwan sha a makarantu da gwajin suga da hawan jini da rangwamen magani a asibitocin matakin farko, kuma a riƙa buga abin da aka tara da abin da aka kashe kowace shekara. Na uku, kada a taɓa mai zoɓo da mai kunu da mai fura da wani haraji ko tikiti da sunan yaƙi da suga.

Wannan sharaɗi na uku yana da muhimmanci a gare mu. Matan da suke ɗura zoɓo da kunun aya da asuba a kai bakin makaranta, iyayen ɗalibanmu ne, wasunsu ma matanmu ne da ƙannenmu, kuma ribar da suke samu ita take cike giɓin albashi. Tsadar lemon kwalba ta buɗe musu kasuwa, kuɗin kuma yana zagayawa a cikin gari maimakon ya bi mota ya fita. Abin da suke buƙata shi ne a zauna da su cikin mutunci a yi maganar rage suga sannu a hankali, da ƙara citta da kanumfari don ɗanɗano, da wanke robobi da ruwa mai tsabta. Suga ya yi tsada a wurinsu su ma, don haka ragewar riba ce gare su. Harshe yana sabawa da abin da aka saba masa. Idan duk masu sayarwa a bakin makaranta ɗaya suka rage tare, babu wadda za ta rasa masu saye.

Harajin kayan masana'antu hurumin gwamnatin tarayya ne, don haka maganarsa sai ta bi ta uwar ƙungiyarmu ta NUT da wakilanmu a Majalisar Tarayya. Amma akwai abin da ke hannunmu tun yanzu. Shugaban makaranta da kwamitin gudanarwa da ƙungiyar iyaye da malamai suna da ikon tsara abin da ake sayarwa a harabar makaranta. Randa biyu a inuwar bishiya, da murfi da moɗa mai tsabta, suna iya rage wa yara ƙishirwar da take tura su ga zaƙi, kuma kuɗinsu bai kai na katan ɗin lemo kaɗan ba. Inda famfo ko rijiyar burtsatse ta lalace, mu rubuta wa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha da ƙaramar hukuma da sunan reshe, mu bi sawun takardar har a gyara. Malamin lissafi yana iya kawo roba aji, ya sa ɗalibai su karanta abin da aka rubuta a jikinta, su auna cokali 12 na suga a faranti su gani da idonsu. Gani ya kori ji, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma dubi kanmu. A tarurrukan reshe da bitoci da walimar ritayar abokan aiki, lemo muke rabawa, kuma daga kuɗin da ake cira a albashinmu ake saye. A cikin waɗanda ake miƙa wa robar akwai masu ciwon suga da suke karɓa don kunya. Da za mu mayar da ruwa mai sanyi da zoɓo mai sauƙin zaƙi su zama abin tarbar baƙo a taronmu, da mun rage kashe kuɗi, mun kuma sauƙaƙa wa magidancin da yake fargabar ranar suna. Mutanen gari suna kallon abin da malamai suke yi. Abin da aka gani a teburin malam ba ya zama abin kunya a zauren wani.

Ina roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a jerin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa, a fitar da matsaya a rubuce a kan sharuɗɗan nan uku, a aika wa reshen jiha. Kowace makaranta kuma ta zo da bayanin halin da ruwan shanta yake ciki, domin da shi za mu fara. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, Ya kuma raya mana yaran da aka ba mu amana.